Dokar Busasshen Itace

An yi wani sarki a Birnin Dargaza, sunansa Jatau, mutum mai kishin ƙasarsa, amma wanda Allah bai ba shi haƙurin zama wuri ɗaya ba. A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautarsa damina ta soma gajarcewa. Ruwan da aka saba samu wata biyar ya koma wata uku da 'yan kwanaki, aka ƙara wa igiyar gugar rijiyar fada gaba biyu, rairayi kuma ya shiga cin gonakin arewa kunya bayan kunya. Dattawa suka ce saran daji ne ya jawo, gama kowace safiya jakuna fiye da ɗari uku ke shigowa ta ƙofofin birnin nan huɗu, kowanne da kayan itace.

Sarki yana da waziri mai suna Mamuda, malami ne mai tsantseni, wanda ba ya rubuta kalma sai ya juya ta sau uku a bakinsa. Shi aka umarta ya tsara doka. Ya yi kwana arba'in yana aunawa, ya fito da layi uku: duk itacen da ke tsaye a ƙasar, a daji ko a gona, na Sarki ne, ba a saran ɗanyen itace, ba jakin da zai shiga birni sai da busasshe. Malamai suka yaba da taƙaicinta, aka danƙa tsaronta ga Sarkin Ƙofa, wani dogon dattijo mai suna Tankari.

Shekara uku suka wuce. Kullum da hantsi Sarki yakan hau ganuwa ya dubi daji, kullum kuwa sai ya sauko ransa a ɓace, domin inda yake ganin kore a da, yanzu toka-toka yake gani. Rannan ya tara fada, bai ko zauna bisa gado ba, yana kai da kawowa ya ce:

"Waziri, ga mas'ala. An hana saran ɗanye, daji kuwa yana mutuwa fiye da lokacin da ba a hana ba. Ɗayan biyu ne. Ko dokar lafiya take, mai tsaronta ne ya ci amana, ko kuwa mai tsaron amintacce ne, dokar ce gurguwa. In na farko ne, Tankari zai bar ƙasata shi da iyalinsa da tufafin jikinsu kaɗai. In na biyu ne, rawanin da ke kanka ya zama nawa. Na ba ka kwana bakwai, kai da kanka za ka bincika."

Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji na karɓa."

Tun kafin a watse fadawa suka yanke wa Tankari hukunci a bakunansu. Waziri kuwa da ya leƙa zuciyarsa sai ya tarar ita ma fatanta ke nan, ya ji kunyar kansa. Kwana biyu yana yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan, yana kallon Tankari da mutanensa suna sauke kaya, suna kankare kowane gungume da wuƙa, suna shinshinawa. Bai ga ko reshe ɗaya mai ɗanshi ba.

A rana ta uku ya hau alfadarinsa ya bi jakunan da suka sauke kaya suna komawa, har wani ƙauye a bakin daji. Babban masu jakuna a nan wani tsoho ne mai giɓi, Korau. Ya tarye shi da fara'a.

"Ranka ya daɗe, yau Waziri da kansa! Ai da ka aiko, da mun share maka hanya. Mu nan masu biyayya ne, ko sau ɗaya ba mu taɓa taka dokarka ba."

"Abin da na zo gani ke nan, dattijo. A ina kuke samun busasshen itace mai yawa haka?"

"A gonarsa mana."

"Busasshen itace yana da gona?"

"Tun da aka yi doka yana da ita. Taso ka gani."

Ya shiga da shi daji. Can Waziri ya ga marke da ƙirya da kaɗanya tsaye a jere, ba ganye, ba tsuntsu. Da ya matsa sai ya lura an sassaƙe ɓawon kowanne a gindi, faɗin tafin hannu, an zagaye shi kaf.

Korau ya dafa wani marke ya ce, "Wannan mu ɗaura ɗamara muke ce masa. Ba mu sare shi ba, Allah ya sani, yana tsaye da ƙafarsa. Shi ne dai ya ga dama ya mutu. Wannan na bara ne, ya nuna. Waɗancan na bana ne, sai baɗi."

"Me ya sa da yawa haka?"

"Ranka ya daɗe, da can in ina bukata, ɗaya zan sara in tafi. Yanzu sai na jira shekara, kuma ban san ko wani zai riga ni ba. To, mai hankali goma zai ɗaura wa, ko ya tsira da uku."

A hanyar dawowa suka ratsa gonar Korau, fili fetal ba inuwa. Tsohon ya hangi wani ɗan tsiron gawo da bai kai kamu ɗaya ba, ya sa fartanya ya tumɓuke shi yana ci gaba da hira.

"Wannan kuma me ya yi maka?"

"Wannan? Ai ɗan sarki ne. In na bari ya girma a gonata, ba ni da ikon taɓa ko reshensa, in kuwa wani ya zo ya sara, ni dogari zai kama. Gara in sallame shi tun yana jariri." Ya jefar da tsiron. "Ubana yana da gawo tara a gonar nan. A ƙarƙashinsu gero ya fi tsawo. A zamaninsa wanda ya doshe su da gatari, sai dai a je a ɗauko shi."

Waziri ya koma birni, sauran kwanakin nan bai iya zama ba. In ya buɗe littafi sai ya rufe, in an kawo abinci sai ya tashi ya zagaya gida. Ya san Korau ba zai taɓa zuwa fada ba, kuma ba bafaden da zai taka zuwa dajin nan. In ya ce bincike bai nuna kome ba, zargi zai zauna inda ya riga ya zauna. Shekara ashirin da shida yana ɗaure da rawanin nan, bai kuwa san wata sana'a ba.

A rana ta shida da la'asar ya bi ta ƙofar gabas, ya tarar da Tankari yana duba kayan jakin ƙarshe. Tankari ya gaishe shi, ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, na sa an ɗaure 'yan tukwane, ko da gobe. Alfarma ɗaya nake roƙo. A gaya wa wanda zai gaje ni sakatar ƙofar nan ta sassauta, sai an ɗaga ta sama kaɗan take shiga."

Waziri ya dube shi, ya wuce.

Da gari ya waye fada ta cika. Waziri ya shigo da guntun gindin marke a hannunsa, ya ajiye gaban Sarki, ya nuna wurin sassaƙar, ya zayyana abin da ya gani bai rage kome ba. Sarki, da ke tsaye tun fitowarsa, ya zabura.

"A kamo mini Korau da duk mai jaki a ƙauyen nan!"

"Allah ya ja zamaninka, da wane layi za a kama su? Na ce kada a sari ɗanye, ba su sara ba. Na ce a shigo da busasshe, shi suka kawo. Na ƙwace itatuwa daga hannun masu tsaronsu na ba Sarki, alhali Sarki mutum ɗaya ne, ba ya iya tsayuwa gindin kowane gawo. Tankari ya tsare dokar kamar yadda aka ba shi. Aibin a alƙalamina yake."

Ya sa hannu ya warware rawaninsa, ya naɗe shi a tsanake, ya ajiye kusa da guntun itacen. Sarki ya je bakin zaure ya dawo, ya sake zuwa ya dawo.

"In da yau za ka rubuta, me za ka ce?"

"Allah ya ba ka nasara, itacen da ke gonar mutum nasa ne, ya rene shi, ya datse rassansa, ya gadar wa 'ya'yansa. Kowane ƙauye a yanka masa dajinsa, shi zai tsare. A kowace ƙofa a rataye zoben ƙarfe mai faɗin damtse. Itacen da bai shige ta cikinsa ba, ko wanda aka faskara, ba ya shiga birni, domin reshe yana sake tohowa, gindi kuwa in ya tafi ya tafi. Amma kada a buga wa dokar hatimi sai an karanta wa masu jakuna da manoma, an tambaye su ta ina za su kewaye ta. Sun fi ni sani."

A nan ne Sarki ya zauna, karo na farko a wannan rana. Ya ɗauki rawanin ya ce, "Na ce zai zama nawa, ya kuwa zama. Abin da yake nawa ina ba wanda na ga dama. Na nemi mutumin da zai faɗa mini gaskiyar da za ta tuɓe shi, ban ga wani ba sai kai. Matso, Mamuda."

Ya naɗa masa da hannunsa, ya ƙara masa alkyabba. Ya sa aka ba Tankari riga da gida, aka kuma aika wa Korau ya zo ya saurari sabuwar doka ya nemi ɓarakarta. Ya zo kuwa, ya samo biyu, aka toshe.

Itatuwan da aka ɗaura wa ɗamara ba su dawo ba, kuma Waziri ya rasu tun gawon da aka bari a gonaki bai isa a zauna inuwarsa ba. Jikokin Korau ne suka zauna. Haka al'amarin adalci yake: kyakkyawar niyyar mai doka ba ta isar masa, sai ya taka zuwa inda dokarsa ke sauka a kan mutane, in kuwa ya tarar ta yi ɓarna, ya fara hukunci daga kansa.