Dabgi da Rijiyar Sarki Nomau

An ce a ƙasar Tsamiya Bakwai an yi wani sarki, Nomau, wanda ba abin da yake so kamar rijiyar da kakansa ya haƙa a dajin gabas. Wata rana baƙi suka zo neman izinin fasa bam ɗin nukiliya a ƙarƙashin dajin. Suka ce zurfin gaba ɗari biyar ne, ko ciyawa ba za ta motsa ba, kuma za su shimfiɗa kwalta har ƙofar gari. Zuciyar Sarki ta karkata.

Da hantsi ya zauna a bakin rijiyar yana kallon gajimare cikin ruwa, har gyangyaɗi ya kwashe shi. Sai ga tsohon dabgi ya fito daga rami, hancinsa duk ƙasa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ji labarin Arzika mai raƙuma?"

Sarki ya ce, "Ba ni in sha."

Dabgi ya ce, "A wata hamada aka fasa irin wannan. Ranar, ƙasa ta yi numfashi sau ɗaya ta kwanta, kowa ya ce shi ke nan. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wutar ta narkar da duwatsu ta bar kogo, rufinsa yana zubewa a hankali. Da Arzika ya dawo shayar da raƙuma, ya tarar fili ya lotsa kamar ƙwarya, rijiya ta tsage, guga na dawowa da yashi. Ya zauna yana kuka. Wata tsohuwa ta ce, 'Ɗana, ba ka ji abin da ya sami Tabawa ba?' Ya ce, 'A'a, Iya.'

"Ta ce, 'Tabawa gwanar daɓe ce. Ta tarar da ramin gara a tsakar ɗakinta, ƙyuya ta hana ta cikewa. Ta zuba tsakuwa a kai, mata suka daɓe da waƙa, aka shafa makuba har yana ƙyalli. Damina na sauka, daɓen ya rufta da randarta. Santsin sama ba ya cike ramin ƙasa.'

"Arzika ya share hawaye, ya kaɗa raƙumansa da ƙishirwarsu. To, ranka ya daɗe, baƙin nan sun auna zurfi, amma ba su za su sha ruwan ba."

Sarki ya farka. Ba dabgi, sai ɗanyar ƙasa a kan takalminsa. Tsoro ya kama shi. Ya zura guga, ya jawo shi cike, ya sha.

Da ya koma fada ya ce wa baƙin, "Ku riƙe kwaltarku. Saman ƙasa ne nawa. Ƙarƙashinta na rijiya ne, ban isa in bayar ba."