Gudumar Sarki Jatau da Dutsen Nomau

An yi wani sarki a ƙasar duwatsu, ana ce masa Jatau, mai kyauta ne da fara'a, sai dai in magana ta shige masa kunne ba ta fita. Tun yana yaro ya ji cewa lu'ulu'u ya fi kowane abu tauri, saboda haka duk wanda ya kawo masa irin wannan dutse, sai ya sa Sarkin Maƙera ya ɗora shi bisa maƙera ya zabga masa guduma. In ya fashe, an tabbatar mai shi maha'inci ne, a kore shi daga ƙasar.

Ran nan wani mai wankin zinariya, Nomau, ya kawo wani ɗan dutse da ya tsinta cikin tsakuwar rafi. Guduma ɗaya aka yi masa ya tarwatse. Sarki ya dubi Alƙali Zubairu ya ce ya yanke hukunci.

Shi kuwa alƙalin ɗan mai huda tsakiya ne, ya tashi yana ganin ubansa yana huda duwatsun ado da ɗan ƙwayar lu'ulu'u. Tausayin Nomau ya kama shi. Ya durƙusa ya tsinci ɓarɓashi guda, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shari'a ba ta hukunci sai ta ji shaida. A yi mini izini in tambayi gudumar nan."

Sarki ya yi dariya ya ce, "Tambaye ta, Malam."

Alƙali ya ja ɓarɓashin a fuskar gudumar, sai ga zane raɗau. Ya roƙi zoben sarki mai dutsen aƙiƙ, shi ma ya zane shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan dutse lu'ulu'u ne na gaskiya, a can ƙarƙashin ƙasa Allah ya halicce shi, babu abin da ke ƙarzarsa sai ɗan'uwansa, amma duka yana raba shi kamar kowane dutse. Na gaskiya da na ƙarya, duk fashewa suke yi a ƙarƙashin guduma."

Sarki ya dubi zobensa ya ce, "Sarkin Maƙera, guda nawa muka fasa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da na yau goma sha biyu, ranka ya daɗe."

Kunya ta rufe sarki, har rawaninsa ya nemi zamewa. Nan take ya ba Nomau gona da shanu, ya tura manzanni su komo da mutum goma sha ɗayan nan da ya kora, ya sa aka raba ɓarɓashin ga masu huda tsakiya da masu yankan madubi. Alƙali kuwa aka yafa masa alkyabba, aka kuma miƙa masa gudumar, sarki ya ce ya ajiye ta inda ba zai ƙara ganinta ba.

Alƙali ya rataye ta a zauren shari'a, duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce, "Mai mulki ya auna ma'auninsa kafin ya auna mutane, domin gwajin da ke karya mai gaskiya da maƙaryaci baki ɗaya zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya."