Indararon Baba Cindo

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah, a garin da sunansa bai iso gare ni ba. Masassaƙi ne, ana ce masa Cindo. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, gidansa kuma can ƙarshen gari. In ya yi sallama a ƙofar ɗakinsa, shi ke amsa wa kansa. Ku saurara. Ni ma da nake kallon wasunku suna gyangyaɗi, na san ɗanɗanon magana ba mai amsawa.

Wata damina tsohon indararon soronsa ya faɗo, irin na itace. Ya jingina shi a kan turmi a ƙofar gida, bai nufi komai ba. Sai goruba ta suɓuce masa, ta bi ta cikin indararon, ta gangara har bakin hanya. Wata 'yar yarinya mai wucewa, Tasalla, ta ja ta tsaya, ta ce, "Baba, sake." Ya sake. Kashegari ta zo da ƙannenta. Kafin a yi girbi, ƙofar gidan Cindo ta fi kasuwa hayaniya.

Abin da ke akwai, Cindo ba ya ba yara amsa. Kome suka tambaya, sai ya ce, "Gwada mu gani." Suka ɗaga kan indararon sama, goruba ta sheƙa a guje. Suka kwantar da shi ƙasa, ta zauna daram, kamar ni bayan tuwon rana. Suka shimfiɗa tsumma a ciki, ta riƙa tafiya tana jan jiki. Suka sa ƙwallon mangwaro, ya ƙi mirginawa, sai dai ya zame. Wani ƙanen Tasalla ya ajiye goruba daga ƙasa, ya lallashe ta, ya hura mata iska, har ya zage ta, wai ta hau. Ba ta hau ba. Ranar ce kaɗai Cindo ya ba da amsa. Ya ce, "Ƙyale ta, ɗana. Ƙasa take so, komai ƙasa yake so. In kana son ta hau, sai ka sa hannu."

To, ga inda jarrabawar take. Tasalla ta zo ta ce akwai ƙananan da ba su iya tafiya har ƙarshen gari, ko zai sassaƙa musu nasu indararon su ajiye a gida. Maƙwabcinsa Jatau wanzami yana zaune, ya ji. Da yaran suka tafi, ya ce, "Haba, Cindo. Kai da sai bana aka fara yi maka sallama? Ka ba su nasu, ka ga wanda zai sake takowa nan. Ka ce gizagonka ya dakushe mana."

Cindo ya san gaskiya Jatau ya faɗa. Ku saurara da kyau, ya sani. Ya daɗe yana kallon gizagon. Sannan ya ce, "Bai dakushe ba."

Ya sassaƙa. Bai tsaya nan ba, sai da ya nuna musu ko ba indararo ma ana yi: tsohon ƙyaure, ɓawon itace, tudun ƙasa, duk suna gangarar da goruba. Ya tona wa kansa asiri kaf, bai rage komai da zai sa a neme shi ba.

Na ga kuna jira in ce yaran suka ci gaba da zuwa. Ba su ci gaba ba. Yara ne. Yau a zo mutum uku, gobe ɗaya, jibi shiru. Sai dai da la'asar Cindo ya zauna kusa da turmin nan, yana jiyo ihunsu daga cikin gari. Jatau ya ce, "Na faɗa maka." Cindo ya ce, "Ka faɗa." Bai yi fushi da kowa ba.

Shekaru suka gangara, Cindo ma ya gangara. Gwiwa ta ƙi. Masallacin unguwar kuwa yana da wani dakali mai tsawo a ƙofa, wanda saurayi ke tsallakewa bai ma lura ba. Cindo ya kasa hawa, ya ji kunyar a riƙa cicciɓarsa, ya koma yana salla a gida shi kaɗai. Labari ya kai ga Tasalla a gidan aurenta. Ta aika wa ƙannenta, waɗanda yanzu sun fara gemu.

Wata Jumma'a Jatau ya zo ya ce ya taso ya ga wani abu. Suka tafi a hankali. Sai ga gangara ta laka an gina a jikin dakalin, doguwa, kwance-kwance. Aka ce samarin nan sun rushe ta sun sake, sun rushe sun sake, suna ɗora goruba, har sai da ta sauka ba gudu. Cindo ya tsaya yana kallo. Ya laluba aljihu, ya fito da goruba, ya ɗora. Ta taho sannu-sannu, ta tsaya a ƙafarsa. Ya ce, "Sun gwada." Ya hau, ya yi salla cikin jama'a. Da aka idar, ya koma gida shi kaɗai, kamar kullum.

Jama'a, alheri shi ne ka ba da abin da ka sani ko da bayarwar za ta bar ka kai kaɗai. Cindo ya bayar, Allah bai bar shi a ƙasan dakali ba. Amma ku lura, samarin nan sun gina gangara, ba wanda ya bi shi gida ya zauna. Kada mu yi rabin aiki. Zumunci ma ƙasa yake so, in ba a sa hannu ba, ba ya hawa. Ni da nake faɗa, akwai baffana da na daɗe ina ce wa gobe. Kowa a nan yana da tsohon da ya koya masa wani abu. Kafin magariba, je ka yi masa sallama, kada ya amsa wa kansa.