Kunkuru da Hatsin Tsallaken Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.
Ta zo mu ji ta.

Wata rana dabbobi suka tara wa zomayen tsallaken kogi hatsin agaji, don ambaliya kan cinye musu gonaki.

Barewa ta ce, "Ran da ruwa ya zo, zan kai musu da gudu."

Kunkuru ya ce, "Ni ba ni da sauri, bari in fara tun rani." Kullum ya taka yashin kogi da mudu guda, ya juye a kogon kuka a tsallake. Barewa tana ta dariya.

Da kogi ya kawo, Barewa ta tsaya a gaɓa da buhunta, ba halin hayewa. Can tsallake kuwa zomaye na daka hatsin Kunkuru, har da guɗa.

Ta ɗaga murya, "Kunkuru, yaushe ka haye?"

Ya ce, "Lokacin da kike dariya, Yaya."

Ƙurunƙus kan ɓeran rumbu.