Dodzi da Ƙafar da Ke Share Shaida

Akwai wani mutum a Lome mai suna Dodzi Akakpo, wanda duk mai bin wasan tanis a garin ya san shi. Ni ma na san shi, domin lokacin da nake zaune a unguwar Tokoin ta bayan filinsa na tanis nake bi in tafi aiki.

A ƙuruciyarsa ɗan wasa ne na gaske. Bahago ne, ga tsawo, ga zafin nama. Ya buga a Abidjan, ya buga a Dakar, ya kawo kofuna gida. Sai dai akwai wani abu da abokan wasansa suke faɗa a bayan idonsa, ba wanda yake faɗa a gabansa.

A ƙananan gasa ba a sa wa kowane fili alƙali. Kowane ɗan wasa shi ne alƙalin ɓangarensa. In ƙwallo ta faɗo wajenka, bakinka ne zai ce ciki ko waje, abokin karawarka kuma dole ya yarda. A filin jar ƙasa ƙwallo takan bar tambari inda ta sauka, in an yi gardama sai a je a duba.

To Dodzi ba ya bari a kai ga dubawa. Yana cewa "Waje!" ƙafarsa ta riga ta bi ta kan tambarin ta share shi, kamar mai gyara tsayuwa. Ya ci wasanni da yawa da wannan ƙafar.

Gwiwa ce ta raba shi da wasa. Ya koma koyarwa a wani fili kusa da teku, kuma in za a faɗi gaskiya, koci ne da samun irinsa sai an tona. Yana kallon yaro ya buga sau biyu zai gaya masa inda matsalarsa take. Iyaye suka yi ta kawo masa 'ya'ya, har daga Kpalime.

Amma duk cikin yaran nan, burinsa a kan mutum ɗaya yake, 'yarsa Sitsofe. Akwai wata makarantar tanis a Maroko da ya yi ta mafarkin shiga bai samu ba. Ya rantse sai Sitsofe ta shiga, ko ana ha maza ha mata.

Yarinyar kuwa ta gaji hannun ubanta, ba ta gaji halinsa ba. Tana da wata ƙawa, Mawusi, tare suka fara riƙe raket, tare suke atisaye, tare suke cin akume, tuwon masarar can, a kwano ɗaya a gidan su Sitsofe.

Wata rana a wata gasa, wasa ya yi zafi, ƙwallon abokiyar karawarta ta sauka a gefen layi. Ko masu kallo ba su tabbatar ba. Sitsofe ta ɗaga hannu ta ce, "Ciki ne." Da wannan makin aka cire ta.

Dodzi ya kama hanyar gida, tana biye da shi. Sai da suka shiga tsakar gida ya juyo.

"Ke 'yar cocin wa ce? Fada ne ya aiko ki filin?"

"Papa, ai ta taɓa layi."

"Wa ya tambaye ki? Layin ɓangarenki naki ne. Ita ta tsaya can nesa, me ta gani?"

Matarsa Afiwa, wadda take sayar da atamfa a kasuwar Asigame, tana zaune tana tsince kifi. Ta ɗago kai, ta kira shi da Fo, yadda ake girmama namiji a can.

"Fo Dodzi, ka bar yarinyar nan da abin da Allah ya ba ta."

"Afiwa, ke ki ji da atamfarki. Ni na taɓa zuwa na koya miki awon yadi?"

Ta mayar da kai kan kifinta.

Daga ranar ya fara koya mata. Kuma abin takaici, da irin ƙwarewar da yake koyar da komai ya koyar da wannan. Ba a yi a kowane maki, in ji shi, sai inda wasa ya tsuke. A faɗa da ƙarfi, a faɗa da wuri. Kada a kalli fuskar abokin wasa. Ƙafa kuma ta tafi tare da baki, ba bayansa ba.

Yakan tsayar da ita a layin baya bayan sauran yara sun watse, ya yi ta jefo ƙwallo a kan layi, ita kuma tana cewa waje tana sharewa. Haka suka yi ta yi har abin ya zauna mata a jiki.

Ranar da ta fara yi a gasa, a kan wata yarinya ce daga Kara. Ta ci wasan. Ta dawo gida ta shige ɗaki ta yi kuka, ta ƙi cin abinci. Karo na biyu ta ci abinci kaɗan. Daga baya sai ta daina kukan gaba ɗaya, kuma wannan ne ya fi tayar wa uwarta hankali.

"Yarinyar nan ta canza," in ji Afiwa wata safiya. "Jiya na tambaye ta wa ya fasa kwalbar manja, ta dube ni ido cikin ido ta ce ba ita ba ce. Ni kuwa ina tsaye a taga na gan ta."

Dodzi ya yi dariya. "Manja? A kan manja za ki hana ni shan koko?"

"Ba manjan ba ne. Idonta ne. Ko ƙiftawa bai yi ba."

"To ai haka ake so. Mai rawar ido ba ya cin kofi."

Ana nan sai labari ya zo cewa makarantar nan ta Maroko za ta ɗauki yarinya ɗaya daga Togo. Za a yi gasa, wadda ta ci kuma wata malama za ta zo daga can ta gan ta da idonta kafin a ba ta gurbin.

Kamar yadda kowa ya zata, Sitsofe da Mawusi ne suka kai wasan ƙarshe.

Ina wurin ranar. Hadari ya haɗo daga wajen teku, iska tana kaɗa raga, amma ruwan ya ƙi sauka. Wasan ya yi tsawo, kowacce ta san hannun 'yar'uwarta kamar nata. Can ƙarshe Sitsofe tana neman maki ɗaya ta gama. Mawusi ta saki wata ƙwallo mai kyau ta bi gefen layi, har farar ƙura ta tashi. Duk wanda ke zaune a wannan ɓangaren ya gani.

"Waje!"

Kafin kowa ya miƙe, ƙafa ta wuce ta kan wurin.

Mawusi ta tako a hankali har gaban raga, raket ɗinta yana lilo a hannu.

"Sitso. Ni ce fa. Dube ni ki sake faɗa."

Sitsofe ta dubi igiyoyin raket ɗinta tana gyara su da yatsa. "Waje ne."

Mawusi ba ta yi gardama ba, ba ta kira kowa ba. Ta miƙa hannu ta saman raga kamar yadda aka saba, suka gaisa, ta ɗauki jakarta ta fita. Mutum ɗaya ne ya yi tafi a filin nan, shi ne Dodzi.

Abin da bai lissafa ba shi ne, tanis ba a buga shi mutum ɗaya. Dole wani ya tsaya maka a ɗaya ɓangaren.

Washegari Mawusi ba ta zo atisaye ba. Sati bai zagayo ba sauran manyan 'yan matan suka ɗauke ƙafa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai ƙara. In ya kira waya sai a ce yarinya tana da jarrabawa, ko tana zazzaɓi, ko ta tafi ƙauye jana'iza. Iyayen ƙananan yaran ma suka fara janye nasu da ɗaiɗai.

"Hassada ce," in ji shi. "Su tafi. In Sitsofe ta dawo daga Maroko da rarrafe za su zo."

Sitsofe ta koma buga wa bango ƙwallo. Da safe in na zo wucewa, a da hayaniyar yara nake ji. Yanzu sai sautin ƙwallo ɗaya tana dukan siminti tana dawowa, ba dariya, ba magana. Wallahi har sauri nake ƙarawa in wuce wurin.

Da zuwan malamar ya matso, sai aka aiko cewa tana son ganin yarinyar cikin wasa sosai da wata, ba da bango ba. A nan ne ido ya raina fata. Dodzi ya hau zemijan, wato acaɓa, ya tafi har unguwar Be, gidan su Mawusi. Ya tarar da uwarta tana tuyar koliko, wato soyayyar doya, a ƙofar gida.

"Tanti, wasa ɗaya kawai. Ba don ni ba, don yarinyar."

Matar ta juya doyarta a cikin mai, ba ta ko ba shi kujera ba.

"Koc, 'yata ta ci abinci a gidanka, taka ta ci a nawa. Da bakinta ta ce mini ba za ta sake tsayawa gaban Sitso ba. Ni ba zan tilasta ta ba. Kai da ka koya mata, ai sai ka tsaya mata."

Haka kuwa aka yi. Ya zagaye garin bai samu ko mutum ɗaya ba, dole shi da kansa ya tsaya mata.

Ranar da malamar za ta zo, ya ɗaure gwiwarsa da bandeji tun daga gida. Afiwa ta ƙi zuwa kasuwa, ta ce ita gabanta faɗuwa yake yi tun da ta tashi. Kafin su fita ya riƙe kafaɗun 'yarsa.

"Saurara da kyau. Yau ba gasa ba ce, ba kofi, ba kowa sai ni. Ko ƙwallo ta fita da ɗan kaɗan, ki ce ciki. Ƙafarki kuma ki riƙe ta. Kin ji ni?"

"Na ji, Papa."

Malamar, Madam Lahlu, tsohuwar 'yar wasa ce, 'yar siririya mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta ƙi zama a kujerar da aka ajiye mata a inuwa. Ta je ta tsaya daidai bayan layin Sitsofe, ta harɗe hannu.

Aka fara. Yarinyar ta yi wasan da ban taɓa ganin ta yi ba. Madam Lahlu har gyaɗa kai take yi. Dodzi yana ɗingishi, gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma fuskarsa cike da murna, domin ya ga ƙofar da aka rufe masa tana buɗe wa 'yarsa.

Sai tsohon ɗan wasan da ke cikinsa ya motsa. Ya ga ya kamata ya matsa mata kaɗan, malamar ta ga yadda take yi in an tsuke ta. Ya fara mayar da ƙwallo da gaske. Maki ya zo daidai, ya sake zuwa daidai. Numfashin Sitsofe ya canza, fuskarta ta ɗaure irin ɗaurewar da take yi a gasa.

Dodzi ya samu wata ƙwallo a hagunsa, ya sake ta da duk ƙarfin da ya rage masa. Ta sauka a tsakiyar layi, a gaban takalmin Madam Lahlu.

"Waje!"

Ƙafar ta tafi tare da bakin, yadda aka koya mata.

Dodzi ya tsaya cak. Raket ya kusa suɓuce masa.

Madam Lahlu ta sunkuya ta dubi wurin da aka share. Ta dubi yarinyar. Sannan ta ɗago ta dubi uban ta saman raga, ta daɗe tana dubansa.

"Wannan ba yau ta koya ba," ta ce. "Hannu ina iya gyara shi a wata shida. Wannan ban san maganinsa ba, kuma ina da yara da yawa a can da ba na so su ɗauka."

"Madam, kuskure ne, rana ce ta shiga idonta. A sake makin."

"Ubanta ne a gabanta, Koc. Ba kofi, ba komai. In ta yi maka, wa za ta bari?"

Ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa. Dodzi ya bi ta yana jan ƙafa yana roƙo, mutumin da bai taɓa roƙon kowa a filin nan ba. Ba ta waiwayo ba.

Da ya dawo, Sitsofe tana nan inda ya bar ta, tana kallon ƙafarta kamar ta wani ce.

"Ban ce ki riƙe ta ba?" ya daka mata tsawa. "Ban gaya miki ba tun a gida?"

Ta ɗago. A karon farko cikin dogon lokaci idonta ya cika da hawaye.

"Ka gaya mini, Papa. Wallahi na so in riƙe. Ban san lokacin da ta tafi ba." Ta haɗiye kuka. "Sau ɗaya ka ce in bari. Sau nawa ka ce in yi?"

Dodzi ya zauna a kan jar ƙasar nan, ya dafe kai.

Gurbin ya tafi wata ƙasar, ko Mawusi ba ta samu ba. Sitsofe ba ta sake riƙe raket ba, ta koma taya uwarta zama a Asigame. Dodzi yana nan har yanzu, yana share filinsa da safe, yana ja masa layi da farin alli, ya zauna yana jiran yaran da ba sa zuwa.

Darasi: Abin da ka koya wa ɗanka don ya cuci wasu, ba ka da ikon kashe shi ranar da kake so, kuma wata rana a kanka zai gwada. Iyaye, malamai da masu horar da yara, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke shukawa a zukatansu. Nasarar da aka samu da ha'inci ba ta kai yaro ko'ina, sai ta raba shi da mutane. Ku tura wa wani uba ko wata uwa wannan labari, wataƙila ya zo musu a kan lokaci.