Mai Awo da Injin Gahawa

Akwai wani mai awon hatsi, ana ce da shi Baban Keziya, wanda ya ce tun da aka kori Adamu daga gonar Aidan ba a taɓa cutar ɗan adam kamar yadda injin gahawarsa ya cuce shi ba.

'Yarsa ce ta aiko masa da injin daga birni, irin mai matso gahawa mai kauri cikin ɗan kofi. Murna ta hana shi zama. Ran Lahadi ya tsaya a bakin majami'a yana shela cewa sabon fasto zai sha abin da ko bishop bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ya goge injin ya zama kamar madubi, har yana gyara gashin baki a jikinsa.

Fasto ya zo. Baban Keziya ya cika ɗan kwandon ƙarfe na injin da garin gahawa, ya danne, ya kunna. Sai ruwa ya tsarto ta gefe guda, tsararo, ga tsami. Fasto ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce Ubangiji ya sa albarka. Aka sake, bai canza ba. Mutumin ya zargi maƙeran injin, ya zargi ruwan rijiya, har ya ce da hannun maƙiya a ciki.

Matarsa ta karɓi kwandon, ta kife shi a faranti. Garin ya faɗo a dunƙule, gefe ɗaya busasshe, ɗayan kuwa ruwa ya huda shi.

Ta ce, "Maigida, ai awon kasuwa ka yi wa injin. Gaban mudu tuli, bayansa rami."

Gama ya daɗe yana karkata mudu, yana tula hatsi ta gefen da mai saye yake kallo, har hannunsa ya manta da awon daidai. Fasto ya tsura wa farantin ido, domin iyalinsa a wurin mutumin suke awo.

Matar ta zuba sabon gari, ta warware gudajinsa da tsinke, ta baje shi ko'ina daidai, ta danne a miƙe. Sai ga gahawa tana saukowa a hankali kamar zuma, ƙamshi ya cika ɗaki. Baban Keziya ya kama rawa da babbar riga, yana cewa dama haka yake shirin yi.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Kwandon shi ne zuciyarmu, ruwan zafin kuwa gwaji ne. Mukan tula halin kirki a gefen da jama'a suke gani, mu bar na ɓoye a sake. Gwaji ba ya wahalar da kansa da gefen da muka cika. Ramin yake nema, ta can zai bi, abin da zai fito kuwa iyalinka da maƙwabcinka ne za su sha. Ku baje gaskiya har gefen da Ubangiji kaɗai yake kallo.

Shi dai mutumin, da yake raka fasto, ya rage murya ya ce, "Baba Fasto, ni ne, ba injin ba. Gobe Mama, uwargidanka, ta zo da buhunta in cika mata awon da na rage. Amma a yaba mini, duk kasuwar nan ba wanda ya taɓa kama hannun nan da ha'inci sai wannan ƙarfen."