Kwanon Aro da Sunan Bakwaini

Ku matso ku ji, yau sai kun raba mini gardama.

Wata mata ce, Tasalla, ta haifi bakwaini, aka sa shi a kwalba a ƙaramin asibitin garinsu. Na'urar da ke lura da ɗumin kwalbar kuwa ta tsiri iskanci: tana cikin aiki sai ta sandare, jariri ya fara sanyi. Dole aka cire shi daga ciki. Wanda ya haɗa ta ya yi nisa. Tasalla ta kira ƙannenta uku, masu rubuta manhajar kwamfuta, waɗanda kullum take wa gorin sun auri kwamfuta.

A cikinsu Lukman ne ya gano cutar na'urar. Ashe duk sa'ad da na'urar ta tambayi ɗumi, sashen da ke ba da amsa sai ya ari sabon wuri a ƙwaƙwalwarta, ya jera lambobin a ciki ya miƙa, ba mai mayar da wurin. Ya ce, "Yaya, kwano ake ta ara ba a dawo da shi, har gida ya ƙare."

Huzaifa ya yi gyaran. Ya sake rubuta sashen, ya ware wuri guda tun farko, mai tambaya ya riƙa zuwa da kwanonsa ana zuba masa. Sandarewa ta ƙare. Har an fara hamdala.

Zakariya'u, mai taurin kai, ya ƙi a mayar da jaririn cikin kwalbar. 'Yan'uwansa suka yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. Gwaji ya yi ta yi, har ya kama ana zuba sabbin lambobi tun ba a gama karanta tsofaffi ba, su cakuɗe, kwalba ta yi zafi na'ura na cewa lafiya lau. Ya sa aka riƙa jira a gama karatu kafin a sake zubawa.

Yaro ya rayu. Ranar da ya kama nono, Tasalla ta yi kuka har ta ba ni tausayi, tana ta sa wa ƙannenta albarka. Ta ce, "Na janye gorin, ku ƙara auren wata kwamfutar."

Mijinta ya ce ta zaɓi wanda za a yi wa takwara a cikinsu. Nan murnarta ta zama tsaka mai wuya, don duk wanda ta duba sai ta ga ran ɗanta a hannunsa. Ga rago a ɗaure, ga liman yana jira.

To jama'a, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?